Ƙodar da Na Binne, Na Tono, Na Kai Birni

Bari in faɗi wautata da bakina kafin Yohanna ya riga ni, don shi in ya ba da labari sai ya ƙara masa gishiri da barkono. Ni, Audu mai doya na Paikon Kore, da furfurata da komai, na ɗauki abin da ran 'yata ya rataya a kansa, na binne shi a bayan gida, na yi addu'a na shafa, na koma rumfa ina jin na yi aikin lada.

Tun da na dawo daga cikin birni 'yan rumfarmu ba su bar ni na sha kunu cikin natsuwa ba. Wannan ya ce me na gani, wancan ya ce da gaske ne an tsare ni a hanya. Na gaji da maimaitawa, shi ne na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, yaƙin da malaminmu ya ce ban ci nasara ba, sulhu dai aka yi. Wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa.

Asabe ita ce autata. Tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Da damina ta fara kukan ciwon kwiɓi, muka ce zaman keke ne. Daga baya fitsarinta ya koma kamar ruwan zoɓo. Aka yi mata hoto a wani asibiti a Gwagwalada, aka ce ƙari ne ya fito a ƙodarta ta hagu, ya kusa cinye ta, sai an cire ƙodar gaba ɗaya. Mijinta direban babbar mota ne, yana can kudu, saboda haka ni na tsaya. Aka yi aiki, Allah Ya sa ta farka. Sai wata nas ta miƙo mini farin bokitin roba mai murfi da takarda, ta ce abin da aka cire ke nan, in kai shi wajen gwaji a cikin birni, don a can ake da irin kayan aikin da ake bukata. Ta kwatanta mini wurin, ta maimaita.

Ba zan yi mata ƙarya ba, na ji sarai. Amma a hanyar gida sai na yi shawara da kaina, kuma duk wanda ya san ni ya san nan ne matsala take farawa. Na ce, abin da ke cutar da yarinya an fitar, me kuma ya rage a gwada? Mu tun muna yara mun san abin da ya rabu da jikin mutum ƙasa ake ba. Mabiyiya binne ta ake yi. Yatsan da injin niƙa ya yanke wa ƙanena binne shi muka yi. Kakata ko farce ta yanke sai ta tona ƙasa ta rufe. Ta yaya zan ɗauki naman 'yata in kai wa baƙi su yi ta jujjuya shi?

Na sayi farin yadi, na kira Yohanna. Shi mutumin Gbagyi ne, Kirista, gonarsa na jikin tawa, mun daɗe muna cin mutuncin juna cikin aminci. Ya ce su ma haka suke yi, ya ɗauko fartanya ya haƙa rami a gindin katanga. Niyyata in fitar da abin in wanke in naɗe shi a yadi. Ina ɗaga murfi wani wari ya doki idona, hawaye ya ɓalle, hanci ya kama zuba. Na dai hango wani dunƙule mai duhu, ya kai babbar doya, yana kwance cikin ruwa. Yohanna ya ja baya yana tari ya ce, “Malam Audu, rufe ta, wannan ruwa ba ya wasa da mutum.” Na mayar da murfi na danne, na naɗe bokitin duka a yadi, muka sa a rami. Ku riƙe wannan, tsorona ne kaɗai aikin hankalin da na yi a labarin nan.

Ranar da muka koma cire zare likitan da ya yi aikin ya tambayi sakamako. Na kalli silin. Asabe ta kalle ni. Da na faɗa, likita ya ajiye alƙalaminsa a hankali, ya yi mini bayani kamar mai magana da yaro. Ya ce ƙarin ƙoda ba iri ɗaya ba ne. Wani in an cire shi ke nan, sai a riƙa dubawa. Wani kuma sai an bi shi da magani mai ƙarfi tun kafin ya sake tsiro a huhu ko a ƙashi, kuma kowane da irin nasa maganin. Ya ce abin da ya gani a cikin Asabe bai yi kama da wanda ya saba gani ba, ga ta yarinya, ba zai sa mata magani a makance ba.

“Baba,” ya ce, “abin da zai gaya mana sunan ciwon nan yana cikin bokitin nan. Babu shi a wani wuri.”

Asabe tana dafe da ciki, ko dariya ba ta iya yi saboda ɗinki, ta ce, “Baba, ina nan da raina ka fara binne ni kashi-kashi?”

Muka tono shi da yamma. Washegari da sassafe na wanke bokiti tas, na sa babbar rigata ta Juma'a, na nufi tashar Gwagwalada.

Yaron mota ya so ya jefa bokitin a but tare da buhunan masara, na ce a cinyata zai zauna. Muka cika bayan mota kamar goro a huhu. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko zuma ce, ta ce in tana da kyau za ta saya. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ta ce kowa haka yake faɗa don ya tsawwala.

Mun wuce Giri kaɗan masu kaki suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya nuna bokiti ya ce, “Oga, mene ne a ciki?” Ni kuma da na yi alkawarin daina ƙarya tun jiya, sai na ce ƙodar 'yata ce. Ban taɓa sanin akwai sauran fili a motar nan ba sai lokacin, mai son zuma ta koma jikin ƙofa kamar an manna ta. Wani a gaba ya fara salati, wani ya ce dama fuskata ba ta kwanta masa ba, irin su ne masu sayar da sassan mutane. Aka fito da ni. Na miƙa takardar asibiti, mai kakin ya jujjuya ta, ya ce sai ya gani da idonsa. Na ce ya yi a hankali. Ya ɗaga murfi ya kai fuska. Da ya gama sharar hawaye ya rufe da kansa, ya ce in shiga mota, Allah Ya ba ta lafiya. Mai son zuma ba ta sake yi mini magana ba, amma da za ta sauka ta cusa mini lemo a aljihu.

Mun shiga ta ƙofar gari, ƙofa babba mai kyau amma babu ganuwa, ko'ina ka bi ka shiga. Tituna ga faɗi, motoci ga gudu, amma mai tafiya a ƙasa sai ka neme shi. Babu ɗan acaɓa, babu mai rake, babu wanda za ka ce wa sannu ya tambaye ka mutanen gida. Na nuna wa wani mai tasi takarda, ya ajiye ni a gaban wani dogon gini. Aka sa ni cikin wani ɗan ɗaki mai rufe kansa, ya ɗaga ni sama, cikina ya rage a ƙasa. Na rungume bokiti ina cewa mu biyu dai yau mun ga duniya.

Wadda ta karɓe ni sunanta Likita Hauwa, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, in ka gan ta a kasuwa sai ka ce ɗaliba ce. Alkawarin da na yi na daina ƙarya bai hawo benen tare da ni ba. Da ta duba takarda ta tambayi inda abin ya kwana duk kwanakin nan, na ce ƙarƙashin gado. Ta sa safar roba, ta bi gefen murfi da yatsa, ta ɗago. Jar ƙasa ce.

“Baba, gadon naku a gona yake?”

Na faɗi gaskiya tun daga farin yadi har fartanyar Yohanna. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce da kakarta ce ita ma haka za ta yi. Abin da ta so ji shi ne ko na zubar da ruwan, ko rana ta dake shi. Na ce a'a. Ta ce ruwan nan shi ke hana nama ruɓewa, amma ba ya saurin ratsa babban dunƙule, shi ya sa ake son a kawo da wuri su yayyanka shi. Mai yiwuwa tsakiyar ta lalace. In duka ya lalace, babu abin da za ta iya karantawa, kuma ba za a sani ba sai an yanka. Na tambaya ko in kawo Asabe ta duba ta. Ta ce ita ba ta ganin marasa lafiya, namansu kawai take gani. Na fita ina mamakin likitan da ke faɗin makomar mutanen da in ta haɗu da su a titi ba za ta gane su ba.

A gidan Kabiru na sauka, ɗan ƙanwata, yana aiki a wata ma'aikata ta tarayya. Unguwarsu an kewaye ta, ga mai gadi. Na ce ni kawunsa ne, mai gadi ya ce in tsaya, ya buga waya ya tambayi yaron da na goya a bayana ko ya san ni. Kabiru ya fito da gudu yana ba ni haƙuri. Sun karrama ni, ban da abin cewa. Amma na tambaye shi sunan maƙwabcinsa, ya ce bai sani ba, ya dai san motarsa. Matarsa ta fito da doya daga firji, an fere an yanka an ƙulle a leda, daga wani babban kanti. Na juya ta na ce ko ni da na tsufa a doya ban gane daga wace gona take ba. Abinci kuma kowa da farantinsa, kowa da kujerarsa, ido na kan talabijin. Aka zubo mini ɗanyen ganye a gefe, na zauna ina jira a zo a ɗauka a dafa, har na ga Kabiru yana cin nasa.

Kowace safiya Kabiru zai ajiye ni a ginin nan in zauna a bencin ƙofa. An ce in koma gida za a buga waya, na ce wanda ya binne abu ya fi kowa haƙƙin zaman jira. Ma'aikatan suka saba da ni, suna ce mini Baba Mai Bokiti. Wata rana Likita Hauwa ta fito ta ce tsakiyar ta ruɓe kamar yadda ta ji tsoro, amma gefe-gefen ya tsira, ta sami abin aiki. Daga nan, ko don tausayi ko don ta gaji da ganina, ta ce in zo in leƙa ta gilashi.

Jama'a, na ga aiki. Naman da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba ake yankowa, a sa a inji ya tsotse ruwansa, a dafe shi cikin kaki irin na kyandir har ya daskare ya zama ɗan dunƙule. Sai a ɗora a wani inji mai hannu, ana juyawa yana fere shi. Abin da ke fitowa ya fi ɓawon albasa rashin kauri nesa ba kusa ba, in ka yi numfashi da ƙarfi ya tashi. A shimfiɗa shi kan ruwan ɗumi, a kwaso da ɗan gilashi, a tsoma a rini. Ni da na ɗauka in ka iya fere doya ba ka ɓata ba ka iya wuƙa.

Sannan ta zaunar da ni gaban madubinta mai ido biyu. Na daɗe ina ganin gashin idona kawai, har ta gyara mini zama. Sai abu ya buɗe. A kan gilashin da na ɗauka ɗigon datti ne, sai ga fili guda, kamar an baza gero a tabarma an rina shi da baba. Ƙanana, zagayayyu, shuɗaye, sun cika ko'ina, ba su da iyaka. Ta ce kowane ɗaya ƙwayar halitta ce, irinsu aka haɗa aka gina jikina da nata, amma waɗannan sun ƙi jin magana, hayayyafa kawai suke yi. Ta juya wani abu ta ce in duba tsakiya. Na ga wasu sun zauna sun yi da'ira, sun bar fili a tsakaninsu. Na ce mata, ai waɗannan sun kewaye kwanon tuwo. Tun da na shigo birnin nan ban ga an zauna haka ba sai a cikin ƙodar 'yata.

Ta yi dariya ta ce zaman nan alama ce babba, amma bai isa ba. Cututtuka da dama ne ke sa wannan shuɗiyar riga. Akwai ƙarin ƙoda na ƙananan yara, akwai na jini da kaluluwa, akwai wasu, duk a ido kamarsu ɗaya, magani kuma daban. Sai an sake fere wasu, a ɗiga wa kowane gilashi rini na musamman. Kowane rini iri ɗaya kawai yake kamawa, in bai ga nasa ba ya wuce ya bar gilashi yadda ya same shi. Na ce ashe rinin ma ya san danginsa. Ta ce haka ne.

Na koma benci. A kwanakin nan na yi tunanin da ban yi ba tun da aka haife ni. Na sha jin malamai suna wa'azin yadda aka halicci mutum, ina gyangyaɗi. Ban san in aka tsaga abin da bai kai ƙwayar gero ba za a tarar da gari a ciki, da jama'a, da tsari, har da masu tawaye.

Ranar da ta sake kirana gilasai ne jere a gabanta. Ta sa na farko, babu komai sai shuɗi-shuɗi. Ta ce to ba na jini ba ne. Ta sa wani, shi ma haka, ta ce ba na yara ba ne. Ta sa na gaba ta ja baya ta ce in duba. Kowace ƙwaya an zagaye ta da ja-ja mai duhu, kamar an rambaɗa mata kwalli, gaba ɗaya filin ya koma saƙar zuma. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar ba.

Ta faɗi sunan, suna mai tsawo da ya fi ƙarfin harshena, ta ce a taƙaice PNET ake cewa. Ta ce ƙwayoyin nan sun yi kama da na farkon halitta, lokacin da ɗa yake ciki bai gama zama mutum ba, irin waɗanda suka kama hanyar zama jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki amma ba su ƙarasa ba. Irin wannan ciwo an fi saninsa a ƙashi da tsoka, a ƙoda kuwa da wuya ƙwarai, kuma matasa ya fi kamawa. Ita kanta a karatu ta san shi a ƙoda, bai taɓa zuwa ƙarƙashin madubinta ba sai yanzu. Akwai sauran gwaji guda da za ta aika wani wuri don a ƙara tabbatarwa, amma abin da ta gani ya isa likitocin ciwon daji su fara shiri.

Na tambaye ta abin da kowane uba zai tambaya. Ta cire tabarau.

“Baba, ba zan ɓoye muku ba, ciwo ne mai zafin nama. Maganinsa yana da wuya, zai kayar da ita, gashinta zai zube. Wasu suna tashi, wasu ba sa tashi. Amma yanzu an san da wa ake faɗa. Da bokitin nan ya ƙara kwanaki a ƙasa, da ba mu da ko wannan.”

Ni da hali ba ya barina, na ce to in an gama za a ba ni sauran in mayar ramina? Ta ce dunƙulen kakin dole ya zauna a wajensu shekaru, ko za a sake bukata. Kuma tana roƙon izini ta nuna wa ɗalibanta gilasan, ba tare da suna ba, don in wani ya zo da irinsa su gane da wuri. Na ce ƙoda ba tawa ba ce, na riga na yanke mata hukunci sau ɗaya, ba zan sake ba. Aka buga wa mai ita waya. Asabe ta ce a nuna musu, ko ba komai wani ɓangare nata ya shiga jami'a.

Na dawo ta hanyar da na bi, hannu wofi, babu wanda ya tsayar da ni, babu wanda ya matsa gefe. An fara yi wa Asabe ƙarin maganin. Ranar da aka yi mata ba ta iya ko shan ruwa, bayan kwanaki ta ɗan farfaɗo ta kama zagin ɗinkin 'yan kasuwa. Gashin ya tafi kamar yadda aka ce, ta ɗinka wa kanta huluna kala-kala.

Ramin nan kuwa yana nan a buɗe, kaji suna wanka a ciki. Yohanna ya ce abin kunya ne manomi ya bar rami ba shuka, ya kawo mini ɗan dashen mangwaro mai aure daga gonarsa. Da la'asar na durƙusa ina gyara masa ƙasa. Asabe tana kan tabarma a inuwar katanga, ta lulluɓa da zane duk da zafin da ake yi, tana kallona. Sai da na gama danne ƙasa na ɗauko buta zan ba shi ruwa sannan ta yi magana, a hankali, ba da muryar tsokana ba.

“Baba, da gwanda ka dasa. Ta fi saurin 'ya'ya.”